Ranar da Na Zubar da Irin Yawur ɗin Inna

Ni malamin lissafi ne a wani kolej na nan Tawa, kuma tun ina yaro Allah Ya jarrabe ni da son sabon abu. In wata na'ura ta shigo gari, ba ni da sukuni sai na danna ta. Shi ya sa ranar da aka kira masu sarrafa abinci zuwa wani horo na kwana uku, aka ce kowa ya zo da wanda ya iya karatu, ban jira an roƙe ni ba. Ni na ɗauki jakar Inna, ni na shige gaba.

Inna ita ta haife ni. Yawur take yi, sama da shekara ashirin. Da tukunya ɗaya ta fara da wani ɗan firigo a ƙuryar ɗakinta, har ta kai ga gina ɗaki biyu a bayan gida, ta ɗauki mata huɗu aiki. Masu butik, wato ƙananan kantuna, tun daga kasuwa har bakin asibiti wajenta suke ɗauka. Babba a cikin matan ita ce taubashiyata, ɗiyar gwaggona, wadda bakinta bai taɓa barina na huta ba tun muna ƙanana. Ita da Inna duka Mushe suke ce mini, yadda ake kiran malamin boko a nan da Faransanci. Inna don ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Taubashiya kuwa don tsiya kawai.

A wurin horon wata matashiya ce daga Yamai ta tsaya gabanmu da tabilet a hannu, ta nuna mana abin da ta kira lojisiyel, wato manhajar da ke riƙe wa mai sarrafa abinci aikinsa gaba ɗaya. Kai, jama'a! Ka rubuta mata haɗinka sau ɗaya, in ka ce yau lita hamsin kake so, nan take ta gaya maka madara kaza, sukari kaza. Masu butik su aiko da abin da suke buƙata, ta tara, ta ce ga yawan da za a yi gobe. Kowace tukunya aka sauke sai ta ba ta lamba da rana, ta riƙa bin ta: layinta kore in sabuwa ce, rawaya in ta fara kwana, ja in lokacinta ya wuce. Na kasa zama wuri ɗaya. Ina ta cewa, "Inna, kin gani? Inna, kin ji?" har sai da ta ja kujerarta gefe don kunya.

Ba kyan na'urar kaɗai ya sa zuciyata tsalle ba. Inna tana da niyyar Hajji, kuma sau biyu tana fasawa bayan an yi nisa da shiri. Dalilinta ɗaya ne, ba ta yarda akwai mai iya yin yawur ɗinta in ba ta nan ba. Ta ce ba za ta shekara ashirin tana gina suna ba, ta je ta yi wata guda, ta dawo ta tarar ana cewa abinta ya lalace. A shekarar nan kuwa gwiwoyinta sun matsa mata, har likita ya gaya mata gaskiya cewa in tana son yin ɗawafi da ƙafarta, kada ta ƙara ɗagawa. Ina kallon tabilet ɗin nan na ce a raina, wallahi bana sai Inna ta hau jirgi.

A hanyar gida na fara yi mata wa'azi, cewa na'urar nan za ta riƙe mata aikin har ta je ta dawo. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Wanga abu naka, yana da harshe?"

Na ce, "Ba shi da harshe, Inna, amma ba ya mantuwa."

Muka kai ƙofar gida. Sai ta ce, "To. Mako na ƙarshe kahin tahiya ba ni shiga ɗakin aiki. Ku yi da abinku. Ranar Laraba a kawo mini in ɗanɗana. In nawa ne, Alhamis in shiga motar Yamai. In ba nawa ba ne, ku kwance mini kaya."

Na ce na ji na yarda, bakina har kunne.

Aikin farko shi ne mu kwashe abin da ke hannun Inna mu zuba cikin na'ura, kuma a nan na san na ɗebo aiki. Na tsaya da tabilet na ce, "Inna, sukari nawa kike sawa?"

"Daidai."

"Daidai ɗin nawa ne?"

"Daidai dai, Mushe. Kai da kake koyar da lissahi ba ka san daidai ba?"

Taubashiya ta fashe da dariya har tana riƙe bango. Ni kuwa na sayo sikeli, na ce kowane abu Inna ta ɗebo sai ya fara sauka a kansa kafin ya shiga tukunya. Na sayo abin awon zafi, na riƙa tsoma shi a madara daidai lokacin da ta tsoma ɗan yatsanta ta ce ya yi. Kwana goma ina zuwa daga kolej kai tsaye, ko riga ba na canzawa. Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Hannun matar nan ba ya kuskure. Yau ta ɗebo, gobe ta ɗebo, sikeli yana nuna kusan abu ɗaya. Yatsanta da abin awon zafi ba su taɓa saɓawa ba. Ranar da na tabbatar da haka na fito tsakar gida ina ɗaga tabilet sama ina cewa, "Ashe Inna ce injin, mu ba mu sani ba!" Ta ce in rage murya, akwai maƙwabta.

A cikin haɗin akwai abu ɗaya da suke kira iri, wato ɗan tsohon nono da ake zubawa a madara mai ɗumi don ta kama ta zama yawur. Na auna shi, na rubuta: iri, ludayi ɗaya ga kowane bokiti. A wajena layi ne kawai cikin layuka. Ban taɓa tambayar inda yake kwana ba.

Daga nan sai kaina ya fara kumbura. Matashiyar Yamai ta ce mana masu duba tsabta ba sa son ganin ƙwarya a wurin aiki, don haka na kafa doka: duk ƙorai waje, komai ya koma cikin fararen bokitai masu murfi, kowane da takardarsa a manne. Matan suka yi gunaguni, suka bi. Ranar da na shigar da duk abin da ke cikin firigo a na'ura, na ga wani ɗan bokiti a can ƙasa ta baya. Na ce, "Wannan fa?" Ɗaya daga cikinsu tana wanke-wanke ta ce, "Nono ne." Na manna masa lambar tukunyar ranar, na wuce.

Aiki kuwa ya yi kyau, ba ƙarya. Da can wata rana yawur ya yi saura ya kwana biyu, wata rana ya kasa. Yanzu abin da aka yi da safe kafin la'asar ya fita kaf, ko kwalba ɗaya ba ta saura. Sukari bai sake ƙarewa ana tsakiyar aiki ba, domin tun saura buhu guda tabilet take yin ƙara. Taubashiya da ta fi kowa zagin na'urar ta koyi danna ta cikin mako ɗaya, har ta fara ture hannuna tana cewa na cika nawa. A ɗakin malamai ba ni da zance sai lojisiyel, har abokan aikina suka fara tashi in na shigo.

Mako na ƙarshe ya zo. Inna ta cika alkawari, ta bar ɗakin aiki, ta koma zaure da tsakar gida tana karɓar masu zuwa sallama. Ranar Asabar aka yi suna a unguwa, matan suka gama aiki da wuri suka tafi gaba ɗaya. Na ce bari in yi amfani da damar in gyara wurin tsaf. Na buɗe tabilet, sai ga layi ɗaya ja wur a tsakiyar kore. Na duba lambar, na buɗe firigo, na bi takardu har na kai ga ɗan bokitin nan na ƙasa. Kwanansa ya wuce a lissafin na'ura. Na ce, "Ka ga irin sakacin da nake faɗa! Da wannan ya shiga cikin na mutane fa?" Na fita da shi na juye a kwata. Na wanke bokitin da sabulu, na bi shi da jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, na kife shi a rana. Na danna, jan layi ya ɓace, allo ya koma kore daga sama har ƙasa. Don daɗi har hoton allon na ɗauka na aika wa matashiyar Yamai.

Lahadi da sassafe ina shan shayi taubashiya ta leƙo, ta yafito ni da hannu. Fuskarta ba wasa. Muna shiga ɗakin aiki ta rufe ƙofa.

"Mushe, ina ɗan bokitin da ke ƙasan firigo?"

"Wanda ya lalace? Na zubar. Ki gode mini."

Ta dube ni, ta dubi bokitin da ke kife, sai kawai ta zame ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mushe, ka kashe mu. Iri ne!"

Na ce, "Wane iri? Ai kwanansa ya wuce."

"Bokitin ne ya kwana, ba abin ciki ba! Kullum muna ɗiba mu zuba sabuwar madara. Da a ƙwarya yake, kai ka ce a kori ƙorai. Ka san daga ina ya hito? Kakarka ta zuba wa Inna shi a ƙwaryar aurenta. Tun ba a haihe ka ba ake ciyar da shi, rana ɗaya bai taɓa yankewa ba, sai da Allah Ya kawo mu zamanin mai tabilet."

Na juya na dubi bokitin da na kife da hannuna. Amma da yake bakina ba ya mutuwa da wuri, na ce, "To ai sai mu ɗauki kwalba ɗaya cikin na jiya mu yi iri da ita."

Ta nuna mini firigo da baki. Wayam. Na'urar ta yi aikinta da kyau, ba ta bar mana ko cokali ba.

Na hau moto, wato babur ɗina, na bi butik-butik. Lokacin bazara ne, zafi kamar a bakin murhu, mutane sun shanye komai tun jiya. Sai a butik na shida ko na bakwai na samu kwalba biyu a ƙasan firiza, sun daskare sun zama ƙanƙara. Muka narkar da su muka gwada. Litinin da safe muka buɗe bokiti, abin ya tsinke, ruwa a sama, ɗan gudaji a ƙasa. Na sake fita na sayo irin kanti, wanda ake sayarwa gari a ƴar takarda. Wannan ya kama, ya yi kauri, ya yi kyan gani, har na fara murna. Taubashiya ta lasa ta ce, "Wanga ko akuyar gidan nan ta san ba na Inna ba ne." Na lasa ni ma. Gaskiyarta, ba shi da laifi, amma ba shi da komai.

A kwanakin nan biyu na kira masu butik na ba su haƙuri, na roƙe su don Allah kada zancen ya kai zaure. Can kuwa Inna tana cikin farin ciki irin wanda ban taɓa ganinta a ciki ba. An sa mata lalle, an ɗinko fararen kaya, tana ta maimaita addu'o'in da aka koya musu. Duk wucewar da zan yi sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mushe, abinku yana tahiya?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau, Inna." Ƙarya nake yi wa uwata, tana shirin zuwa ɗakin Allah. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta lokacin ba, kuma tsoro ya hana ni cin abinci. Na san halinta. In ta ce ta fasa, ko duk ƙasarmu ta Adar za ta taru ba ta sauya magana.

Talata da safe taubashiya tana tsaye tana kallon yawur ɗin kanti, sai ta daki cinyarta. "Kai! Inna Babba!"

Inna Babba yayar Inna ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a wani ƙauye bayan Bambeye. Taubashiya ta ce, "Uwar da ta zuba wa ƙarama iri ranar aure, ai ta zuba wa babba. In tana riƙe da shi har yanzu, mun tsira."

"In kuma ba ta riƙe ba fa? Shanu ba su da nono yanzu."

"To sai ka zo ka kwance kayan da hannunka."

Tsohuwar ba ta da waya, babu yadda za a tambaya sai an je. Na roƙi wani abokin aiki ya riƙe mini aji, na ɗaure akwatin sanyi a bayan moto, na zuba ƙanƙara, na kama hanya. Abin mamaki, ina fita gari sai na ji wani ƙarfi ya shige ni. Kwana uku ina cikin duhu, yau ga ƴar ƙofa. Na bar gudiro, wato kwalta, na hau jar hanya, duwatsu suna ta wasa da ni, manoma suna sharar gona suna jiran ruwan farko, ni kuwa ina ta ɗaga musu hannu kamar na san su. Har waƙa na kama yi, ni da ko a biki ba a jin muryata. Can kuma sai tunanin busassun shanu ya faɗo mini, in yi tsit, in ƙara wuta.

Na tarar da Inna Babba a inuwar rumfa tana tsintar wake. Ta ga ƙura ta rufe ni har gira, amma ba ta bar gaisuwa ko ɗaya ba. Ina gida, ina iyali, ina ƴan makaranta, ina mai tahiya Makka, ina zafi. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta ce sai na sha hura kafin in buɗe baki. Na sha a gurguje. Da na gama na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, ban rage ba.

Tsohuwar nan ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta share ido ta ce, "Ƙarhe ya ce ka zubar, ka zubar? In gobe ya yi ja ya ce ka saki matarka fa?"

Na ce, "Inna Babba, ki yi mini duk abin da kika ga dama, amma ki gaya mini, akwai?"

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗaki, ni kuma na bi ta da ido. Ta fito da wata tsohuwar ƙwarya da ta yi baƙi don shekaru, an rufe ta da faifai. Ta ajiye a gabana ta ɗaga faifan. Ga shi nan fari, ya kwanta lif, ƙamshinsa ya bugi hancina.

Ta ce, "Saniya ɗaya ta rage mai nono. Dussa nake saya mata don wanga kawai. Ni ma ba na so ya mutu a hannuna."

Wallahi ban san lokacin da na yi kabbara ba, har kaji suka watse. Na ciro kwalbar roba da na zo da ita, ta buge mini hannu. Ta ɗauko ƴar ƙaramar ƙwarya, ta zuba ludayi uku, ta rufe, ta naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ta ce haka zan sa shi cikin akwatin nawa, kada ya taɓa ƙanƙara. Wannan karon ban yi gardama da kowa a kan ƙwarya ba. Na laluba aljihu, ta harare ni ta ce ba a sayar da iri. Da zan tashi ta riƙe mini hannun riga ta ce, "In za ta sha, kada ka ce komi. Kuma ka gaya mata ta ambace ni a can."

Dawowa na yi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, duk rami sai na sauke ƙafa. Na iso bayan la'asar, na shiga ta ƙofar baya. Taubashiya ta ɗaga tsumman ta shinshina, ta buɗe baki za ta yi guɗa, na toshe mata shi da hannu. Nan da nan aka dafa madara. Tabilet ta ba da awo, sikeli ya tabbatar, abin awon zafi ya sauka daidai inda yatsan Inna yake cewa ya yi, muka zuba iri da bisimilla, muka rufe. Ragowar muka ciyar da shi da sabuwar madara a cikin ƙwaryarsa.

Da na zo shigar da shi a na'ura sai ta tambaye ni ranar da aka yi shi. Na tsaya da yatsa a sama. Wace rana zan sa? Na kira matashiyar Yamai na ba ta labari. Ta yi salati, ta ce ashe hoton da na aiko mata na ɓarna ne, ita kuma har ta yaba mini. Ta nuna mini yadda zan ware masa gurbi na daban, abin da ake sabuntawa kullum, wanda ba ya yin ja. Ta ce daga yau duk inda ta je horo, tambayar farko da za ta yi ita ce ina iri yake kwana.

Laraba da safe muka taru mu biyar a kan bokiti. Taubashiya ta ɗaga murfi. Ya kama! Ya yi kauri, ludayi yana tsayawa a ciki, matan suka fara rawa ba kiɗa, ni ma na taka. Sai taubashiya ta ɗiba ta kai baki. Na ga ta daina murmushi.

Na ce, "Mene ne kuma?"

Ta ce, "Ya yi daɗi, Mushe. Ya yi daɗi ƙwarai. Amma ba sak da na Inna ba ne. Akwai wani abu a ƙarshen harshe."

Na ɗanɗana. Ni ma na ji shi, wani ɗan tsami mai ƙamshi da namu ba shi da shi. Murnata ta koma ciki. Amma babu sauran lokaci, babu sauran dabara. Taubashiya ta zuba a kwano, ta sa cokali, ta ce, "Kai ka zubar, kai za ka kai."

Inna tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu saboda gwiwa, jakunkunanta a ɗaure a gefe. Na durƙusa na ajiye kwanon. Matan suka jeru a bayana. Ta yi bisimilla ta kai cokali ɗaya. Ta riƙe shi a baki, ba ta haɗiye da wuri ba. Ta kai na biyu. Sannan ta ajiye cokalin a hankali.

"Wanga ba nawa ba ne."

Wata a bayana ta ce wayyo a hankali. Na buɗe baki zan fara roƙo, sai na ga hawaye suna bin kumatun Inna. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin kukanta ba sai a wurin rasuwa.

Ta ce, "Na uwata ne."

Ta share fuska da bakin mayafi, ta ce, "Haka nononta yake, haka ɗin nan. Nawa shekara da shekaru ina ba shi madarar gari, ashe ya sauya a hannuna kaɗan-kaɗan, ni ban sani ba. Na ɗauka na manta wanga ɗanɗano." Ta dubi ƙasa ta ce, "Wa ya tahi Bambeye?"

Na ce ni ne. Na faɗi abin da na yi tun daga jan layi har kwata, da ƙaryar da na yi ta yi mata kwana uku, na nemi gafara, na isar da saƙon yayarta. Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki kwanon ta ci gaba da sha, cokali bayan cokali, muna durƙushe muna kallo, har ta kankare gindinsa. Ta miƙa wa taubashiya kwanon ta ce, "Da wanga za ku riƙa yi har in dawo. In na dawo ma da shi za a yi."

Taubashiya ta saki guɗar da na hana ta jiya, sauran suka kama, maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. A cikin hayaniyar Inna ta ɗan karkato wajena ta ce, "Mushe, ƙarhe nawa motar take tashi?"

Na ɗaga yatsu bakwai na nuna mata, na ce na safe.